Wa Ya Koya Maka Tafiya?

Karatu: Yusha'u 11:1-4

Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe littafin annabi Yusha'u, wanda wasu fassarori ke kira Hosiya, sura 11. Ka karanta ayoyi huɗu na farko, sa'an nan mu yi magana.

Wata ranar Lahadi bayan an tashi sujada, wata 'yar'uwa ta tsaya a bakin ƙofar majami'a da ɗanta a baya, tana jira kowa ya watse. Da ta samu sarari sai ta ce, "Baba, a yi mana addu'a. Yaron nan watansa 14, har yanzu rarrafe yake yi. 'Yar maƙwabciyata da aka haifa bayansa tana gudu a tsakar gida. Uwar mijina ta ce an ɗaure masa ƙafa." Muryarta na rawa. Ta riga ta fara tunanin wane ne a cikin dangi zai yi mata wannan abu. Na san ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na kawo maganar yau.

Yusha'u ya yi annabci a mulkin arewa na Isra'ila fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, gab da lokacin da Assuriyawa suka ci Samariya. Jama'a sun juya wa Allah baya, suna bin Ba'al. A cikin wannan sura Allah bai tuna musu da tsawar Dutsen Sinai ba. Ya tuna musu da ƙuruciyarsu. Ya kwatanta kansa da mahaifin da ya kama hannuwan ɗansa biyu yana yi masa tatata, mahaifin da ke ɗaukan yaro, ya sunkuya ƙasa domin ya sa masa abinci a baki. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, yaron ya girma bai ma san wanda ya yi jinyarsa ba.

Ɗan'uwa, kai kana tuna ranar da ka fara tafiya? Babu mai tunawa. Amma wani ya yi wannan aiki. Wata ta hana idonta barci sa'ad da haƙorinka na fari ke fitowa. Wata ta zaunar da kai, ta jera tsummoki kewaye da kai don kada ka kife. Ka yi rarrafe ka ci ƙasa, aka sa yatsa aka ciro. Ka kama ƙafar kujera ka miƙe, ka faɗi, aka ɗaga ka ana dariya. Shekara guda cur ta wahala, kuma ko rana ɗaya ba ta zauna maka a rai ba. Irin wannan aiki ne Allah ya zaɓa domin ya nuna yadda yake ƙaunar mutanensa.

Bari in yi magana da maza. A gidajenmu da yawa, da zarar jariri ya yi kuka sai a ji maigida ya ce, "Ke, zo ki ɗauki ɗanki." Uwa ta dawo daga gona ko kasuwa, ga itace, ga ruwa, ga tuwo a wuta, ga goyo a baya, shi kuwa yana zaune da rediyo, wataƙila ma shirin nan yake ji. Idan Mahaliccin sama da ƙasa bai ga ƙasƙanci ba ne ya sunkuya ya ciyar da yaro, kai wane ne? Ka karɓe shi. Ka durƙusa a tabarma, ka miƙa masa hannu, ka kira sunansa. Kuma ka yi masa magana da harshen gidanku. Muna sujada da Hausa, muna ciniki da ita, amma idan yaro bai ji Berom ko Ngas ko Tangale ko Bachama daga bakin iyayensa ba tun yana gwaranci, ranar da aka kai shi ƙauye zai tsaya yana kallon kakarsa kamar baƙuwa.

To, mu koma ga 'yar'uwar nan. Abin da na fara gaya mata shi ne, wata 14 ba latti ba ne. A shekara ta 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana. An ga cewa wasu kan zauna da kansu tun wajen wata 4, wasu sai wata 9. Tafiya kuwa, wasu tun wata 8, wasu har sai sun kusa wata 18. Dukansu lafiyayyu ne. Akwai ma waɗanda ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, suka miƙe kawai. Saboda haka 'yar maƙwabciya ba ma'auni ba ce. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi, ba su faɗi ranar tashin ba.

Amma kada wani ya ce na ce a zauna a naɗe hannu. Idan yaro ya wuce wata 9 ba ya iya zama, ko ya kai shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko ya daina yin abin da dā yake yi, a kai shi asibiti. Likitoci a Jos sun yi shekaru suna bincike a kan yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa, suka gano cewa da yawa cikinsu abin da ya gaza a abincinsu shi ne kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda ake samu a madara da ƙananan kifi da ake ci har da ƙayarsu. Wannan yana da magani. Kunun masara zalla safe da yamma ba ya gina ƙashin yaro. Mu yi addu'a, mu kuma ɗauki katin awo mu tafi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar asibiti a koma neman maye a cikin dangi. Na ga gidajen da wannan zargi ya raba wa da ƙane, har yau ba sa gaisawa, yaron da aka yi rigimar a kansa kuwa yana nan yana buga ƙwallo.

Akwai kuma uwar da ke saurarona yanzu, wadda likita ya riga ya gaya mata cewa ɗanta ba zai yi tafiya kamar sauran yara ba. 'Yar'uwa, ba ni da wata gajeriyar amsa dominki. Sai dai ki ci gaba da karatun zuwa aya ta 8 da ta 9. Ɗan da ke cikin wannan sura ya ba mahaifinsa kunya ƙwarai, duk da haka Allah ya ƙi sakinsa, tausayi ya cika masa zuciya. Naki ɗan bai yi laifin kome ba. Ku kuma 'yan zumuntar mata, ku riƙa leƙa ta a tsakiyar mako, ku karɓi goyon ko na sa'a ɗaya ne ta samu ta rintsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne ka riƙe hannunmu tun ba mu san ka ba. Muna kawo maka jariran gidajenmu, masu zama, da masu rarrafe, da waɗanda muke jira. Ka ba iyaye mata ƙarfi, ka tausasa zukatan iyaye maza, ka kawar da zargi daga tsakaninmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba labarin Hannatu da yayen Sama'ila a 1 Sama'ila sura 1. Ku karanta kafin lokacin. Ku huta lafiya.