Rumbun Tarayya Da Ranar Gobara



Duk wanda ya tashi a Gafasa, ko wani ƙauye na ƙasar Gaya da Ajingi, ya san manomi mai hangen nesa ba ya haɗa iri da abinci a rumbu guda, domin gobarar hunturu ba ta sallama. To, yau takardun albashi da na filaye da sakamakon jarrabawa suna komawa wani irin rumbu, watau tarin faya-fayan kwamfuta wanda na'urori da yawa ke ajiya a ciki, suna ɗiba tare. Ranar da ya lalace fa, me zai rage mana?

Masana sun daɗe da sanin kowane faifai zai mutu. A 1988 David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka bayyana dabarar da ake kira RAID. Ga misalinta: a rubuta 3 a faifai na farko, 5 a na biyu, jimlarsu 8 a na uku. In na biyu ya mutu, sai a ɗebe 3 daga 8, ga 5 ta dawo. Amma in biyu suka mutu kafin a sauya na farkon, lissafi ya rushe. Saboda haka jinkirin sayen sabon faifai ganganci ne.

Haka kuma na'ura tana iya ɗaukewa tana tsakiyar rubutu. Shi ya sa take fara shigar da abin da za ta yi cikin wani ɗan littafin aiki. 'Yar'uwarta da za ta gaje ta sai ta fara toshe mata hanyar rumbun, kada ta farfaɗo su yi rubutu biyu wuri guda, kana ta duba littafin, ta ƙarasa aikin ko ta warware shi.

Sai dai duk wannan tsari cikin ɗaki guda yake. Ranar 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu a birnin Daejeon. Ma'ajiyar tarayya ta ma'aikata, G-Drive, ta ƙone da kimanin terabait 858, alhali ba ta da kwafi a wani wuri.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ne za mu riƙe ofisoshin nan gobe, kuma tsohon da takardun fanshonsa suka ɓace ƙila mahaifin ɗayanmu ne. Lalle mu riƙa tambaya a duk inda aka tura mu: ina kwafi na biyu, a wane gari yake, yaushe aka gwada maido da shi? Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba tamkar irin da ba a duba ba ne, sai ranar shuka a tarar gara ta cinye.

Allah ya kiyashe mu da asara.