Yaranmu da Ƙwallo: Kada Mu Ɗora Musu Kayan Manya

Maganarmu ta yau a kan ƙwallon ƙafa ce, domin babu yammar da ba ma ganin yaranmu a filayen Limawa, ɗan shekara 9 yana gwabzawa da masu gemu, mu kuma muna tafi, wai yaro ya yi zuciya.

'Yan'uwa, ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. A gaɓoɓinsa akwai guringuntsi inda ƙashi yake ƙara tsawo, kuma mummunan rauni a wurin yakan iya karkatar da ƙafa har tsufa. Haka ma kai. Tun 2015 Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka, Ingila kuma ta hana shi a atisayen yaran firamare a 2020. Ɗan firamare ƙaramin fili yake bukata, da ƙaramar ƙwallo, biyar da biyar ko bakwai da bakwai, don ƙwallo ta riƙa zuwa ƙafarsa. A bar shi ya tsare gida yau, gobe ya buga gaba. Zagayen fili sau goma a ranar Afrilu ta Dutse ba horo ba ne. A jira la'asar, a kawo ruwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne rage shekaru, domin da hannun iyaye ake yinsa. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Amma tun 2009, shekarar da aka yi gasar a ƙasarmu har Kano ta karɓi wasanni, FIFA take duba wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI. A 2016 'yan wasanmu 26 suka faɗi wannan gwaji, Nijar kuma ta fitar da mu. Uban da ya canza wa ɗansa takardar haihuwa ya koya masa ƙarya, ya kuma ƙwace gurbin ɗan maƙwabcinsa wanda shekarunsa na gaskiya ne.

Ga kuma dillalai masu alkawarin Turai. Dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a 'yan yanayi ƙalilan. Ahmed Musa ma sai da ya buga wa JUTH ta Jos, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, sannan ya tafi Holan a 2010. Duk wanda ya ce ku sayar da gona don ya kai ɗan shekara 14 waje, ku kawo maganar gaban dattawa tukuna.

Muna roƙon shugabannin matasa su raba yaran rukuni uku kafin hutun makaranta: 'yan ƙasa da 10, ƙasa da 13, da ƙasa da 16. Iyaye su zo da takardun haihuwa na asali.