Riƙon Babban Kare Sai Gwani

A birnin Landan akwai gidan Battersea, wanda tun 1860 yake karɓar karnukan da aka yasar, yana nema musu masu riƙo. A irin waɗannan gidaje, manyan karnuka masu taurin kai sukan daɗe suna jira.

Mu ɗauki Kangal, karen makiyayan Sivas a Turkiyya. Nauyinsa kan haura kilo 50, kuma aikinsa na asali tsare garke daga kyarkeci, ba tare da jiran umarnin kowa ba. Idan irin wannan kare ya taɓa shan wulaƙanci, tausayi kaɗai ba zai gyara shi ba. Yana buƙatar wanda ya ƙware da horo, gida mai katanga, motsa jiki kullum, da haƙurin watanni.

Shi ya sa gidajen ke tsananta bincike kafin su miƙa kare, kuma ina goyon bayansu. Mai gaggawa ƙarshenta ya mayar da karen, ko a ciji ɗan maƙwabci. Mai niyya ya fara auna ƙarfinsa, lokacinsa da aljihunsa.