Ganyen Miya Da Ƙwayoyin Cuta: Ina Gaskiyar Take?

 

Yau maganarmu a kan ganyen miya ce. Shuwakarmu ita ce maƙwabtanmu Yarabawa ke kira ewuro, Ibo kuma onugbu, ɗaɗɗoya kuwa ita ce efinrin. Kullum muna jin ana cewa suna kashe ƙwayoyin cuta. To, ina gaskiyar take?

Shuka ba ta da ƙafar gudu, don haka Allah ya hore mata sinadaran da take kare kanta da su. Ƙanshin ɗaɗɗoya daga sinadarin yujinol yake, irin wanda ke cikin kanumfari. Ɗacin shuwaka ya haɗa da wani mai suna banodalin. Zogale kuma yana da dangin sinadaran da ke cikin kabeji. Masana sun ɗiga ruwan waɗannan ganyaye a kan ƙwayoyin bakteriya a ɗakin gwaji, suka ga yana hana wasunsu yaɗuwa. Har a shekarar 1987, a duwatsun Mahale na ƙasar Tanzaniya, an ga wata biranya irin cimfanzi, ba ta da lafiya, tana tsotson ɗacin karan shuwaka.

Amma fa jama'a, faifan gwaji daban, cikin mutum daban. Abin da aka tace aka tattara ƙarfinsa ba daidai yake da cokalin miya ba. Idan yaro ya kwana uku da zazzaɓi, ko amai da gudawa suka kama shi, kada mu tsaya ɗura masa ruwan shuwaka. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari idan gudawa ce, a garzaya asibiti. Taifod na iya huda hanji, kwalara kuwa kan kashe mutum cikin yini guda.

Wani abin kuma, ganyen da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata shi kansa yana kawo cutar. Iyayenmu mata, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta kafin a yanka, musamman latas da ake ci ɗanye. A rage kanwa da daɗewa a wuta, domin suna lalata bitamin C.

Mu ci ganye kullum don gina jiki, magani kuwa mu bar wa likita. Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.