Gigin Tsufa: Ciwo Ne, Ba Maita Ba

Yau maganarmu a kan tsofaffi take, da wani ciwo da ke kama waɗansunsu, wanda muke kira gigin tsufa.

Kowa yakan yi mantuwa. Mutum ya ajiye makulli ya rasa inda ya sa, can an jima ya tuna, wannan ba kome ba ne. Amma in kun ga tsohuwa ta ci tuwo yanzu, ta ce tun jiya ba a ba ta abinci ba, ko tsoho ya fito kasuwar da ya shekara hamsin yana ci ya kasa gane hanyar gida, kuma abin yana ƙaruwa wata da watanni, to, wannan ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 masu irin wannan ciwo sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasu iri ɗaya ne, watau ciwon Alzheimer.

Alois Alzheimer wani likita ne a ƙasar Jamus. A 1901 aka kawo wata mace mai shekara 51 asibitin da yake aiki a birnin Frankfurt, ta rikice, ko sunanta ba ta iya gama rubutawa. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar da abu biyu: waɗansu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wani abu kamar zaren da ya cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Zaren nan shi za mu bayyana muku.

Ƙwaƙwalwa an gina ta da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kowace da doguwar jela wadda take aika saƙo da ita. A cikin jelar akwai siraran bututu, ta kansu ake kai abinci da kayan aiki daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ke riƙe bututun nan su tsaya sosai wani furotin ne mai suna tau, wanda masana suka gano a Jami'ar Princeton ta Amurka a 1975. Aikinsa kamar na tanka ne a jikin danga: in tanka na nan, kara yana tsaye, in ta kwance, iska kaɗan sai danga ta faɗi.

To, jiki yana da ma'aikata iri biyu masu lura da tau. Na farko suna liƙa masa wani ɗan sinadari da ake kira fosfet, na biyu suna ɓamɓarewa. Ga mai lafiya aikin nan daidai yake tafiya, fosfet biyu ko uku ne kurum a jikin kowane tau. Ga mai ciwon Alzheimer kuwa masu liƙawa sun rinjayi masu ɓamɓarewa, sai fosfet ya yi ninki uku ko huɗu, kamar yadda ƙarangiya ke cika bakin zane. Sa'an nan tau ya saki bututun, ya nannaɗe da 'yan'uwansa, ya zama zaren nan da Alzheimer ya gani. Bututu su wargaje, abinci ya daina isa, ƙwayar ta mutu. Masana biyu a birnin New York, Inge Grundke-Iqbal da Khalid Iqbal, su da abokan aikinsu suka nuna haka a 1986. Ku lura, fosfet ɗin nan jiki ne ke sarrafa abinsa, ba daga taki ko wani abinci ciwon ke shigowa ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sabon labari, kana ta bazu sannu a hankali cikin shekaru. Shi ya sa tsoho zai ba ku labarin yunwar da aka yi yana yaro tiryan-tiryan, amma ya manta wanda ya gaishe shi ɗazu. Ba da gangan yake yi ba.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon nan. Duk da haka ku kawo mai shi ɗakin magani, domin akwai cututtuka masu kama da shi waɗanda ake warkarwa: ƙarancin wani sinadarin abinci a jini, da rashin aikin ƙululun maƙogwaro, da tsananin baƙin ciki, da tunjere, da jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa. In kuwa tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zazzaɓi, kada ku kwana da shi a gida, ku kai shi nan da nan.

Rigakafi ya fi magani. Wani taron masana ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon ana iya hana shi ko a jinkirta zuwansa. Ku riƙa zuwa ana auna muku hawan jini da ciwon sukari, wanda aka ba magani ya sha kullum. Ku bar taba da giya. Wanda ji ko gani ya ragu ya nemi magani. Ku sa yara makaranta, gama ƙwaƙwalwar da ta sha aiki ta fi jurewa. Ku tsare kai daga bugu, domin an sami lalataccen tau a ƙwaƙwalwar 'yan damben da suka daɗe suna shan naushi. Mai hawa babur ya sa hular kwano.

Saura yadda za ku zauna da mai ciwon. Kada ku yi gardama da shi. In ya maimaita tambaya sau goma, ku amsa masa da taushin murya. Ku bar shi a ɗakin da ya saba, kayansa a inda ya saba. Ku rufe rijiya, ku nisanta shi da wuta da maganin ƙwari. Ku ɗinka masa 'yar takarda a riga mai sunansa da na unguwarsa, ku kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa, don in ya fita a komo da shi. Kada a bar wa mace ɗaya wahalar jinya, a riƙa karɓa-karɓa.

Abu mafi muhimmanci shi ne wannan. In kun ga tsohuwa tana yawo da dare, tana sambatu, tana kiran sunayen waɗanda suka mutu, kada ku ce mayya ce. Ko da ta amsa da bakinta, ciwon ne ke magana. Kada a doke ta, kada a ɗaure ta, kada a bar yara su jefe ta. Ita ta goye ku sa'ad da ba ku san kanku ba, yau kuwa ita ce ba ta san kanta ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.