MAI ZARTO NA ƘASAR AJANTINA: JAWABIN MAGATAKARDA GA 'YAN KASUWA

'Yan'uwana talakawa da 'yan kasuwa, ku kasa kunne.

Zancenmu na yau a kan wani mutum ne na ƙasar Ajantina, can Amurka ta Kudu, sunansa Javier Milei, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa cikin 2023. Ya kan zo wurin taro da zarto mai inji ya ɗaga sama, watau da shi zai datse kuɗin da Gwamnati ke kashewa. Manufarsa ita ce Gwamnati ta tsame hannunta daga ciniki: kada ta ƙayyade farashi, ta rage tallafin lantarki da na kuɗin mota, ta sayar da kamfanoninta. Har ya ce zai rufe babban bankin ƙasar, a jefar da kuɗinsu, peso, a koma dalar Amurka.

To, me ya sa talaka ya bi shi? A shekarar 2023 tsadar kaya ta haura kashi 200 cikin ɗari. Ku masu kasa kaya kun fi ni sanin wannan: ka sayar da buhu yau, ka koma sari, kuɗin ba su kai buhu ba, uwar kuɗi tana narkewa kana zaune. Saboda haka a watan Nuwamba ya kada Sergio Massa, Ministan Tattalin Arziki, da kusan kashi 56 na ƙuri'u.

Hawansa ke da wuya, cikin Disamba, aka karya darajar peso da fiye da rabi, farashi ya tashi kashi 25 cikin wata guda. Aka tsai da ayyukan gine-gine na Gwamnati, aka sallami dubban ma'aikata. A farkon rabin 2024 fiye da rabin mutanen ƙasar na cikin talauci. Amma fa a faɗi gaskiya: kafin ƙarshen shekarar hawan farashi ya sauko ƙasa da kashi 3 a wata, talauci kuma ya dawo kashi 38. Banki kuwa shekarar ta ƙare ba a rufe shi ba, peso na nan.

Ni a ganina, wanda ya ajiye dala ko ya cika sito shi ya ƙetare watannin nan lafiya. Mai tebur da mai talla, abokin cinikinsu ɗan albashi ne da ɗan fansho, su kuwa ƙarin farashi ya tsere wa abin da ke shiga aljihunsu, sai aka bar kaya a kase, ba mai taya.