NOMAN NA'A-NA'A A LAMBUN GIDA

Yau maganarmu a kan na'a-na'a ce, ganyen nan mai ƙanshi da ake jefawa cikin shayi. Ba ɗoɗɗoya ba ce, ko da yake danginsu ɗaya. Da yawa cikinku sun ce mini sun gwada, amma ko dai ta bushe da bazara, ko kuwa ta cinye lambu. Duka biyun akwai maganinsu in an bi ƙa'ida.

Samun Iri

Kada ka wahal da kanka neman ƙwaya. Wata na'a-na'ar ba ta yin ƙwayar da ke tsira, wadda ke yi kuwa sau da yawa 'ya'yan ba su gado ƙanshin uwar. Dashe ake yi. Je wurin mai lafiyayyar shuka, ka murza ganyen ka sansana. In ƙanshin ya yi maka, yanko rassa masu tsawon inci 4 zuwa 6. Cire ganyen ƙasa, ka tsoma su cikin kwalbar ruwa a inuwa, kana sake ruwan bayan kwana bibbiyu. Cikin mako 1 zuwa 2 za ka ga farar saiwa ta fito. Ko ɗaurin kasuwa ma yana kamawa, muddin bai yi yaushi ba.

Wuri da Lokaci

Nemi inda rana ke samu da safe, inuwa kuma ta rufe daga azahar, kamar gabas da katanga. Ya zama kusa da rijiya. Gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, don ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Ka dasa da yamma, ƙafa 1 tsakanin wannan da wancan, ka ba su ruwa nan take. Farkon damina ko lokacin sanyi ya fi. Dashen Maris da Afrilu wahalar banza ce.

Killace Ta

To, a nan nake so ku buɗe kunne. Na'a-na'a tana tura jijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, kowace gaɓa kuwa sabon tsiro ce. Na san wani manomi da ya dasa rassa biyar a gefen fangalin albasarsa. Kafin shekara ta zagayo ta shiga fangali uku. Ya sa fartanya ya daddatse, sai kowane guntu ya zama sabuwar shuka.

Saboda haka ka ba ta ɗakinta daban. Fasasshiyar randa, ko tsohon bokiti, ko garwa, duk sun isa, amma a huda gindin don ruwa ya riƙa fita. In a ƙasa kake so, kafa tsohon kwanon rufi kewaye da fangalin, zurfin ƙafa 1, bakinsa ya ɗan leƙo sama. Uwargida ma za ta iya ajiye tukunya biyu a tsakar gida, in an tsare su daga awaki da kaji.

Ban Ruwa

Saiwarta ba ta nisa, don haka ba ta jure ƙishi. Tura yatsa cikin ƙasa: in ka ji bushewa, ba ta ruwa. Da rani kullum ne, da bazara safe da yamma. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin don laima ta daɗe. Amma kada ruwa ya kwanta, saiwar za ta ruɓe. Ban da ruwan kwata, gama ganyen nan cikin bakin mutane zai shiga.

Yanka

Bayan kamar wata 2 da dashe sai a soma yanka. Yi da safe, da wuƙa mai kaifi, ka bar inci 2 a ƙasa. Kada ka tuge. Yawan yanka shi ke sa ta tofo, za ka iya komawa bayan mako 3 ko 4. In ka bari ta yi fure, ganyen zai ragu. Ƙara ɗan taki bayan kowane yanka. Bayan shekara 2 ko 3 tone ta, ka raba, ka sake dasa matasan a sabuwar ƙasa.

Cuta da Ƙwari

In ka ga ɗigo-ɗigo mai launin tsatsa a bayan ganye, yanke duka har ƙasa ka ƙone, kada kuma ka ɗebi iri a wurin. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye kuwa, wanke su da ruwa. Kada ka kuskura ka fesa mata maganin ƙwarin auduga ko na wake. Guba ce ga mai shan shayin.

Abin da ya fi ƙarfin gida a ɗaure a kai wa masu shayi da sassafe, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ragowar a shanya a inuwa, don rana tana kashe ƙanshi, sa'an nan a rufe cikin kwalba.

Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa. Allah ya sa albarka.